Ƙaramin madubin saiti na Sky-Watcher 9x50: yana da kyau, amma gyara ganinsa sai da haƙuri

Madubin saiti shi ne ƙaramin madubin hangen nesa da ake ɗaurawa a jikin babban madubin kallon taurari don a auna abin da ake son gani. Wannan na 9x50 yana ƙara girman abu sau 9, kuma gilashinsa na gaba mai faɗin milimita 50 yana fito da taurarin da ido ba ya kamawa, ya kuma fi na 6x30 (mai gilashin milimita 30) haske nesa ba kusa ba. Inda masu saye ke ruɗewa shi ne babu wani maɓallin murzawa na gyara gani. Sai a sassauta zoben da ke bayan gidan gilashin gaba, a auna tauraro mai haske, a riƙa murza gidan zuwa gaba ko baya har tauraron ya koma ɗigo, sannan a ɗaure zoben. A riƙe gidan yayin ɗaurewa, in ba haka ba saitin ya goce. Kada a gwada da abu na kusa. In an yi haka, da dare komai zai yi dishi-dishi. Hoton yana zuwa a kife, wannan ba lalacewa ba ce.