Gilashin da ya dace da dayod ɗin lesa: G-2, mai hawa uku, ko na roba?

Dayod ɗin lesa, wato ɗan ƙaramin ɓangaren lantarkin da ke samar da hasken lesa, idan ba a sa masa gilashin tattara haske (lens) ba, ba ya fitar da haske a miƙe. Hasken bazuwa yake yi, kuma ba daidai ba: ta gefe ɗaya yakan buɗe kamar digiri 30 zuwa 40, ta ɗaya gefen kuwa wajen digiri 10. Aikin gilashin shi ne ya tattaro wannan hasken ya miƙar da shi. Duk abin da bakin gilashin bai kama ba yakan bugi jikin ƙarfen gidan dayod ɗin ya koma zafi.

Saboda haka kafin ka tambayi farashi, duba lambar NA, wato faɗin hasken da gilashin ke iya kamawa. Ga dayod mai buɗewa sosai, nemi 0.5 ko sama.

A nan G-2 ya yi wa sauran nisa. Gilashi ne ƙwaya ɗaya, nau'in asferik (mai lanƙwasa ta musamman, ba irin ta ƙwallo ba), nisan tattarawarsa, wato tazarar da yake haɗa haske wuri guda, wajen milimita 4, yana zama dab da dayod ɗin har kusan babu hasken da ke kuɓuce masa. Fuska biyu kawai hasken ke ratsawa. Gilashin da ba shi da shafi, wato siririn sinadarin da ake shafa masa don rage komawar haske baya, yana mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari na hasken a kowace fuska, to ka ga amfanin ƙarancin fuskoki. Aibinsa guda ne: a kan manyan shuɗɗan dayod na nanomita 445 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, wanda ke nuna launinsa), ɗigon hasken yakan zama dogon layi idan ya yi nisa. Maganinsa gilashi mai nisan tattarawa na milimita 8, ko ƙarin gilashin silinda (mai lanƙwasa ta gefe ɗaya kawai) guda biyu. Wajen ɗaurawa, fuskar da ta fi shimfiɗa ita ke kallon dayod.

Mai hawa uku, wato gilasai uku a jere cikin gida ɗaya, yana ba da ɗigo mai tsabta, amma yana yanke gefen hasken, ƙarfi ya ragu sosai. Na roba kuwa na ƙaramin jan dayod ne. Shuɗi mai ƙarfi ƙona shi yake yi.

Inda ake cutar masu saye shi ne wajen shafin. Kowane shafi da launin hasken da aka yi shi dominsa: wanda aka yi wa ja, nanomita 650, bai dace da 405 ko 445 ba. Hasken da ya koma baya yana shiga cikin dayod ɗin ya rage masa kwana. Duk tallar da ba ta faɗi nanomitan shafin ba, ko ta rubuta “G-2” babu NA babu nisan tattarawa, ka wuce ta. Sunan nan kowa na iya manna shi a kan hajarsa, har roba ana sakawa cikin gidan tagulla a sayar a matsayin gilashi. Karkata gilashin a hasken taga: mai shafi yana nuna ɗan launi mara ƙarfi, marar shafi yana walƙiya fari fat. Tabbaci dai sai da na'urar auna ƙarfin haske.

Duba tiredin ma, wato zanen da ake murɗa gilashin a kansa cikin gidan dayod. Gidajen dayod masu kaurin milimita 12 galibi M9x0.5 ne. Idan yana girgiɗi, naɗa masa zaren tef na masu gyaran famfo zagaye biyu. Lokacin saiti, rage wutar direban, wato na'urar da ke ba dayod ɗin wuta, zuwa inda dayod ɗin ya fara kamawa kawai, ka sa tabarau na kariya da aka yi don wannan launin, ka haska bango mai nisan mita biyar ko fiye, kana murɗawa a hankali har ɗigon ya ƙanƙance.