Wata takwas da sabon mastan birki a tsohuwar Landirobata

Motar ƙirar 1969 ce, Series IIA, gajerar nan mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, da injin fetur lita 2.25. Gadonta na yi wajen kawuna, kuma har yau sitiyarinta a dama yake, don ta riga canjin hannun tuƙi na 1972 shigowa ƙasar nan. Ita ke kai ni gona daga Jos, ita ke kwaso dankali, kuma duk damina sai ta ja wani daga taɓo.

Abin da ya sa na taɓa birkinta, bara ne ina gangarowa daga gona da buhuna a baya na taka feda, sai ta tafi har ƙasa ba ko gardama. Allah ya taimaka ina giya ta biyu, ba kowa a gabana. Da birkin hannu na tsaya, shi ma da kyar, tunda nasa a bayan giyabos yake kama sanda, ba a taya ba. Da muka duba, bututu ɗaya ne ya ci tsatsa a baya ya huje. Masta na asali, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi in an taka feda, layi ɗaya gare shi: mai ɗaya ke zuwa tayoyi huɗu, ko ina ya ɓule duka sun tafi. Ranar na ce na gama da shi.

Na yi odar masta mai layi biyu irin na Series III, tare da busta, wato tulun nan da ke amfani da zuƙar iskar inji ya ƙara wa ƙafa ƙarfi. A cikin mastan fistin biyu ne, ɗaya na tayoyin gaba, ɗaya na baya, kowanne da ɓangarensa a kofin mai. Mai sayarwa ya rubuta cewa kwance tsoho kawai za a yi a ɗaura sabo. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ita ce babban ƙorafina.

Baba, dattijon bakaniken da ke duba min motar, yana buɗe kwalin ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan aikin kwana uku ne, ka aje gaggawa." Kwana biyar muka yi. Busta ba ya zama a kan tsohon akwatin feda, sai da muka nemo na Series III na hannu. Shi kuma bai shiga ba sai da mai walda ya yanke wani yanki na cikin madigadi, abin da ya sosa min rai, don jikin nan alminiyom ne, shekara hamsin da ɗoriya ba wanda ya sa masa almakashi. Tsohon kofin mai gwangwani ɗaya ne da birki da kuloci ke rabawa, saboda haka kuloci ma sai da aka nemo masa nasa. Sannan ga zaren noti: bututun motar na awon inci ne, ramukan sabon mastan na milimita. Yaron gareji ya so ya danna da ƙarfi, Baba ya buge masa hannu. Noti irin wannan zai yi kamar ya kama, sai an matsa birki da gaske ya saki. Ƙarshe dai sababbin bututu muka ja wa motar gaba ɗaya, da tiyo uku na roba. Ko kalma ɗaya game da wannan babu a takardar da ta zo cikin kwalin.

Inda kayan suka burge ni shi ne wajen fitar da iska. Duk wanda ya yi fama da tsohon mastan ya san wahalar: a karkace yake zaune, iska ta maƙale a ƙuryarsa, sai an ɗaga gaban mota sama ana ta famfo kafin feda ta yi tauri. Sabon kuwa zagaye biyu muka yi da man DOT 4 ya kama.

Sai dai ranar farko na ji kamar na yi asarar kuɗi. Feda ta yi laushi a ƙafa, amma tana nisa kafin ta ciji, motar kuma tana fizga hagu. Laifin ba na masta ba ne. Layinin birki na ɗaya daga tayoyin gaba ya jiƙe da man da ke zuba daga aksil, sauran kuma sun yi nesa da diram, wato ƙarfen da suke kamawa a cikin taya. Da aka sauya su aka saita kowace taya, sai ga birki.

Yanzu wata takwas ke nan, damina guda cikakkiya. Na sauka Hawan Kibo da ita sau biyu da kaya, cinyata ba ta yi tsami ba kamar da, lokacin da sai na dafe sitiyari na miƙe a kan feda. Ko ɗigo bai zuba ba, kofin yana inda aka cika shi. Amma kada wani ya ɗauka motar ta koma Hilux. Diram ɗin inci 10 ɗin nan su ne dai, in sun yi zafi a doguwar gangara suna sanyin jiki, in an ratsa rafi sai an ɗan taka su sun bushe. Busta ƙafa yake hutarwa, bai ƙara wa taya riƙo ba. Kuma in inji ya mutu, taku biyu ko uku ne iskar ta ƙare, feda ta koma dutse. Har yanzu da giya nake sauka tudu.

Abin da na saya a gaskiya shi ne layi na biyu. Mun gwada a filin gareji, muka sassauta bututun baya da gangan: feda ta nutse sosai, amma gaba ya kama, motar ta tsaya. Don wannan kaɗai zan sake saya. Wanda zai bi sahuna ya fara auna faɗin cikin mastan, don na doguwa mai inci 109 ya fi na gajera faɗi, kuma ya tanadi kuɗin bututu da walda daban. Tsohon mastan na wanke shi na naɗe a tsumma, yana cikin akwatin ƙarƙashin kujera, Baba ya ce kada in yar.