Lambun Al-Azhar na Alƙahira: yadda muka same shi ni da iyalina

Wanda ya san Alƙahira ya san gari ne da ƙura da ƙarar motoci ba sa yankewa, kuma samun wurin da za ka saki hannun yaro ya yi gudu hankalinka kwance ba ƙaramin aiki ba ne. Wannan ne ya kai mu lambun Al-Azhar, wanda babbar ƙofarsa ke kan titin Salah Salem. Sai an yanki tikiti ake shiga, kuma ni dai ban ji ciwon abin da na biya ba.

Ruwa ne ke fara tarbar mutum. Yana tsartuwa daga daɓen da ke bakin shiga, yara na ratsawa ta ciki suna ihu, iyaye na ta kiran su babu mai ji. Duk mai zuwa da ƙanana ya riƙo musu kayan canji. Daga nan doguwar hanya ce mai bishiyoyin dabino dama da hagu, ga 'yan magudanan ruwa suna bin ta, irin tsarin lambunan Musulunci na da. An daidaita hanyar ta yadda in ka ɗaga kai, ƙubbobin masallacin Muhammad Ali da ke cikin ƙal'ar Salahuddin, wato tsohon sansaninsa mai ganuwa, ne a gabanka. Na daɗe a tsaye a wurin, har yara suka gaji da jirana.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne asalin wurin. Wannan tudun mai ciyawa kore shar juji ne, an yi sama da shekara 500 ana jibge shara da ɓaraguzan gini a kansa. A 1984 Aga Khan, shugaban Musulmi mabiya Isma'iliyya na lokacin, ya ƙudiri yi wa birnin kyautar lambu, amma ba a buɗe shi ba sai 2005, domin sai da aka kwashe tarkacen, aka yi fama da ƙasa mai gishiri, aka riƙa gwada shuke-shuke a ga wanda zai rayu. Faɗinsa ya kai hekta 30, kuma a ƙarƙashinsa akwai manyan tankunan ruwan sha guda uku na birnin, kana tafiya a kansu ba ka sani ba. Garin tonon ne ma aka fito da ganuwar zamanin Ayyubawa, wato daular Salahuddin, ta ƙarni na 12, wadda shara ta binne. Na sauka da babban ɗana har gindinta, ya shafa duwatsun ya ce, "Baba, da gaske mutanen Salahuddin ne suka ɗora waɗannan?" Bayan ganuwar kuma unguwar Darb al-Ahmar ce, gidaje a cunkushe, hasumiyoyin masallatai ko'ina. Idan magariba ta yi, kiran salla yakan taso daga kowace kusurwa a lokaci guda.

Filin wasan yara yana nan, da lilo da wurin zamewa, amma kada mutum ya sa rai da manyan injinan wasa masu juyi. Namu yaran ba su jima a can ba. Gangaren ciyawa ya fi ɗauke musu hankali, suna mirginowa suna komawa, sai kuma ɗan tafkin da ke ɓangaren kudu. A ganina haka ya fi, domin yaron birni ya fi buƙatar fili da ciyawa a kan wani ƙarfen da za a ɗaure shi a kai.

Sai dai wurin tudu ne, akwai hawa da sauka da matakala, don haka mai tafiya da dattijo ko keken jariri ya bi a hankali, ya riƙa hutawa. Da tsakar rana lokacin zafi ba na ba kowa shawara, bayan la'asar ya fi daɗi. Ranar Juma'a da ranakun hutu jama'a kan cika, har wurin zama a inuwa sai an nema. Mai son natsuwa ya zaɓi tsakiyar mako, ya ware aƙalla awa uku, kuma ya tabbata ya sauka wajen ganuwar tun da sauran haske, domin mutane da yawa a sama suke tsayawa su koma ba su gan ta ba.