Ciwon matsewar jijiyar kafaɗa: allurar Botox, gashi ko tiyata?

Masu tura keken alhazai a Harami, teloli a titin Shara Mansur na Makka da matan da ke aikin gida a Jidda sun san wannan ciwo: wuya ya riƙe, kafaɗa ta yi nauyi, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su sage, musamman in an ɗaga hannu. Wani lokaci abin da likitoci ke taƙaitawa da TOS ne, wato matsewar jijiya tsakanin wuya da kafaɗa. Jijiyoyin da ke sauka hannu suna bi ta wani lungu tsakanin tsokokin gefen wuya, ƙashin da ya kwanta daga maƙogwaro zuwa kafaɗa, da haƙarƙarin farko. Lungun ne ke matse su. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, jijiyar ji ce ta matsu, ba ta jini ba.

Gashi, wato ilaj ɗabi'i a bakin mutanen Saudiyya, shi ne na farko, kuma ya fi araha. Miƙa tsoka ne da gyara zama da tsayuwa, na tsawon watanni. Aibinsa ɗaya: yana son haƙuri, ga shi mai neman na cefane ba ya iya ajiye aikin da ya jawo masa ciwon.

Allurar kashe zafi ta lidoken, da ake yi a tsokar gefen wuya, gwaji ce kawai. Awanni kaɗan take yi. In ciwon ya lafa a wannan tsakanin, likita ya samu alamar cewa tsokar ce mai laifi. Takan kawo dishewar murya, saukar fatar ido ko ɗan ƙarancin numfashi, domin jijiyar da ke motsa tsokar numfashi a kan wannan tsoka ta wuya take kwance. Duk suna wucewa da ƙarewar maganin.

Botox kuwa sai an zauna a kansa. Guba ce ta ƙwayar cuta da aka tace, tana hana saƙon jijiya isa ga tsoka, sai tsokar ta saki. Tana fara aiki cikin 'yan kwanaki, ta yi kamar wata 3, kuma ba a maimaita ta ƙasa da mako 12. Matsalar ita ce maƙogwaro maƙwabcin wurin ne. In maganin ya malala, haɗiya kan yi wuya: mutum ya kai lomar kabsa ta tsaya masa, ya kurɓi shayi ya ƙware. Wuya kan yi rauni har ɗago kai daga sujada ya zama aiki. Kuma ba a zuƙo ta a dawo da ita, sai dai a jira makonni. Tun 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta tilasta sanya gargaɗi a kwalinta cewa gubar na iya yaɗuwa nesa ta taɓa haɗiya da numfashi. Ita kanta allurar, in ta zarce, tana iya huda saman huhu.

Amfaninta ma akwai ja. Wani gwaji a Kanada da aka wallafa a 2011, kan mutum 38, bai ga bambancin kirki ba a rage ciwo tsakanin Botox da ruwan gishiri. Wasu dai suna samun sauƙi, kuma a ganina ribarta ke nan: ta ba ka wata 3 ka yi gashi da gaske.

In za ka yi, kada arahar shagunan gyaran fuska ta ruɗe ka. Goshi daban, wuya daban. Nemi likitan jijiya ko na ciwo mai rajista, wanda zai yi ta yana kallon sikanin. Tambayi wane samfuri ne, don awon Botox da na takwarorinsa Dysport da Xeomin ba ɗaya ba ne. Tambayi kamfanin inshorarka tun kafin ranar, saboda ba don wannan ciwo aka yi wa maganin rajista ba, suna iya ƙin biya. Mai juna biyu, mai cutar raunin tsoka, da wanda ake yi wa allurar jentamaisin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) su faɗa wa likita.

Tiyata, wato cire haƙarƙarin farko da yanke tsokar, ta wanda gashi ya gaza ce ko wanda jijiyarsa ta jini ce ta matsu. Hannun da ya kumbura farat ɗaya, ya canza launi ko ya yi sanyi ƙalau, ba na allura ba ne. A kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya.