Miyar kuka ko taushe: wace ce ta fi jure rashin mai?

'Yar uwarmu daga wajen Ringim ta ce an umarci maigidanta a asibiti ya rage mai da nama saboda hawan jini, tana tambaya tsakanin miyar kuka da taushe wacce za ta riƙe, don kada tuwo ya riƙa dawowa a kwano. Yaya, Allah ya ba shi lafiya. A ganina kuka ce ta kullum, taushe kuma ta lokaci-lokaci, ga dalilina.

Ita kuka tun asali ba a kan mai ta dogara ba. Kaurinta da yauƙinta daga garin ganyen suke, daɗinta kuwa daga daddawa. Ki surfa wake kamar cikin tafin hannu, ki daka shi da albasa da daddawar kalwa da barkono da citta da masoro, ki zuba a ruwa. Sirrin yana wajen haƙuri: a bar wannan ruwan ya yi ta dahuwa har waken ya narke, warin daddawa ya koma ƙamshi, sannan a janye itace a kaɗa kuka da maburgi. Masu cewa kuka ba mai salam take, yawanci gaggawar kaɗawa suka yi. Waken nan shi ke tsayawa a gurbin nama, ga shi yana riƙe ciki, ganyen kuma yana da sinadarin kalsiyam da na ƙarin jini. Man shanun da ake gambaɗawa a kai, shi ne za a haƙura da shi.

Taushe fa? Ta fi kyan gani, ta fi kayan lambu: kabewa, alayyafo, yakuwa, tattasai, tumatir. Amma mai a ɓoye yake a cikinta. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, sai kuma a soya kayan miya da ludayin manja, alhali cokalin cin abinci ɗaya na mai yana ɗauke da kalori kusan 120. Ga abokan tafiyarta, waina da funkaso, duk sai sun sha mai kafin su iso faranti.

Duk da haka tana gyaruwa, kuma ba na so ki yar da ita. Kada ki soya kayan miya, ki dafa su har ruwan ya tsotse, tsamin tumatir ya mutu. Ki ƙara kabewa, ki dame ta da kyau, ita za ta ba ki kaurin. Maimakon niƙaƙƙiyar gyaɗa, ki nemi tunkuza wajen masu ƙuli-ƙuli, tunda an riga an matse yawancin manta, ƙamshin kuwa yana nan. Ki bar cokali ɗaya na mai a tukunyar gida gaba ɗaya, domin sinadarin kabewa da jiki ke mayarwa bitamin A sai da ɗan maiƙo yake shiga jiki sosai. A ci ta da tuwon dawa ko na shinkafa.

Wajen kuɗi ma kuka ta yi gaba. Busasshiya ce, tana nan rani da damina, kabewa kuwa sai kaka take araha.

Abin da ya fi damuna shi ne gishiri. Idan aka janye mai, hannu yakan tafi wajen dunƙule don cike gurbi, shi kuwa dunƙule yawancinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, duk abincin yini a haɗe. Ga mai hawan jini wannan ya fi batun maiƙo gaggawa. Ki ƙara daddawa da tafarnuwa da kimba, ki rage kanwa, a taushe kuma tsamin yakuwa zai rufe miki raguwar gishirin. Maganin da aka rubuta masa kuma ya ci gaba da sha yadda likita ya ce.