Kafin ka sayi safar dambe a Akra: me za ka fara saya, me zai iya jira

Duk yaron zangon da damben boksin ya shiga ransa, ko a Nima yake, ko Mamobi, ko Sabon Zango, abin da ya fara kwaɗayi shi ne safar dambe mai sheƙi irin wadda yake gani a talabijin. Ba zan ga laifinsa ba, domin Akra garin dambe ne. A 1975 D.K. Poison ya ciyo wa Ghana kambun duniya na farko, a 1984 Azumah Nelson ya doke Wilfredo Gomez ya karɓe nasa, Ike Quartey ya biyo baya a 1994, sannan a 2021 Samuel Takyi ya dawo daga gasar Olamfik ta Tokyo da lambar tagulla. Amma ƙanena, in sidin da ke aljihunka ba su da yawa, safa ba ita ce sayayyar farko ba.

Ka fara neman koci. Ka hau trotro ka nufi Bukom ko Jamestown, inda wuraren horo irin su Attoh Quarshie da Bronx suke, ko kuwa ka nemi wanda ya fi kusa da unguwarku. Makonnin farko galibi ba a ma sa maka safa. Tsallen igiya za ka yi ta yi, a koya maka tsayuwa, haɓa a ƙasa, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, ka yi ta jefa naushin hannun gaba a iska har kafaɗa ta yi tsami. Ranar da aka ce ka taɓa buhun naushi, akwai safar aro a mafi yawan wurare. Kafin lokacin kocin ya ga nauyinka da girman hannunka, kai ma ka san ko sha'awar mai ɗorewa ce.

Abin da za ka saya tun ranar farko shi ne bandejin hannu. Bahaushe ya san naɗe hannu, tunda ɗan damben gargajiya ba ya shiga fili sai da kara, sai dai aikinsu ya bambanta: kara tana ƙara wa dunƙule tauri, bandeji kuwa yana haɗe ƙasusuwa wuri ɗaya don kada su goce. Ƙasusuwa 27 ne a hannun mutum, ƙanana ne, kuma wanda ya fi saurin karyewa a wurin sabon shiga shi ne na bayan hannu da ke riƙe da ƙaramin yatsa, saboda yana saukar da naushi a karkace maimakon a kan gaɓoɓin manuniya da yatsan tsakiya. A kasuwa za ka ga gajere, wajen mita 2.5, da dogo mai mita 4.5. Ka ɗauki dogon, mai ɗan talewa. Shi ne zai ishe ka ka zagaya wuyan hannu, ka rufe gaɓoɓi, ka ratsa tsakanin yatsu, ka sake komawa wuyan hannu ka ɗaure. Gajeren na yara ne da masu ƙaramin hannu. Akwai kuma wata 'yar safa mai soso da ake zurawa kawai ba naɗi. Tana da saurin sawa, amma ba ta riƙe wuyan hannu yadda ya kamata, ni ban ba da shawararta ba. Ka sayi bandeji kashi biyu, ɗaya na hannu ɗaya na shanya, domin gumin Akra ba ya barin abu ya bushe da wuri.

Na biyu robar kare haƙora. Wannan kam sabuwa fil, a cikin ledarta, ba aro ba gwanjo. Mai araha ita ce wadda ake tsomawa a ruwan zafi na 'yan daƙiƙoƙi, a ciro ta ta ɗan huce, ka cije ta, ka danna da yatsu da harshe har ta ɗauki siffar haƙoranka na sama, sannan ka jefa ta a ruwan sanyi. In ka buɗe baki ta faɗo, ba ta zauna ba, sake yi. Wadda likitan haƙori ke auna maka ta fi ta nesa ba kusa ba, amma tana da tsada, kuma ba ka bukatarta sai ka fara shiga gasa.

To, yanzu safar kanta. Da oza ake auna ta, oza ɗaya kuwa wajen giram 28 ne. Mai oza 8 da mai 10 su ne ƙwararru ke sawa ranar karawa, shi ya sa yara ke rububinsu, alhali sosonsu kaɗan ne, ba a yi su don atisayen yau da gobe ba. Mai oza 12 tana da daɗi a kan buhu, amma koci mai hankali ba zai bar ka ka naushi abokin atisayenka da ita ba. In safa ɗaya tak za ka iya saya, ka ɗauki mai oza 14 in jikinka ba nauyi, mai 16 in kai babba ne. Za ta yi maka nauyi da farko, hannu zai riƙa sauka kafin minti uku na zagaye su cika, amma wannan nauyin ne ke gina kafaɗa, kuma ita ce ke kare hancin wanda kuke gwadawa tare.

Mai igiya ko mai mannewa? Mai igiya ta fi kama wuyan hannu, amma sai wani ya ɗaure maka ya kwance maka. Mai koyo ya ɗauki mai mannewa, ya sa da kansa ya cire da kansa.

Sai batun fata da roba, wanda yake haɗe da inda za ka saya. Ta fata ta gaske tana shekaru in an kula da ita. Ta roba tana da sauƙin kuɗi, amma zafi da gumi suna sa ta tsattsage ta riƙa ɓarewa. Sunayen da ke jikinsu kada su ruɗe ka. Winning ta Japan da Cleto Reyes ta Meziko suna cikin mafi tsada a duniya, saboda haka in ka gan su da kuɗin da bai kai na takalmin ƙwallo ba, jabu ne. Everlast, Venum da RDX suna da na masu koyo, su ma ana kwaikwayonsu sosai. Gwanjon kasuwar Kantamanto kan fito da safar fata mai kyau jefi-jefi, kuma na fi son tsohuwar fata mai lafiya a kan sabuwar roba marar asali, amma sai ka duba da hannunka. Ka tafi da bandejinka, ka naɗa, ka zura. Ka danna babban yatsa a daidai wurin gaɓoɓi: in ka ji ƙashinka ta cikin soson, ko soson ya dunƙule gefe guda, safar ta mutu komai kyan bayanta. Ka tabbata babban yatsan safar a ɗinke yake da jikinta, don kada ya tsokane wa wani ido ko ya lanƙwashe. Ka shinshina cikinta. Warin da ya kama soso ba ya fita. Wannan gwajin ne ba za ka samu ba in ta intanet ka yi oda, shi ya sa nake cewa ka bar oda sai safarka ta biyu, lokacin da ka san girmanka.

Sauran kaya su jira. Hular kare kai tana rage tsagewar gira da kumburi, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza, kada ta sa ka saki jiki ka riƙa karɓar naushi; a gasar Olamfik ta Rio a 2016 ma maza ba su sa ta ba. Ta wurin horo ta ishe ka. Takalmin dambe ma haka, kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa zai yi. Buhu kuwa, in har sai ka rataya a gida, kada ka cika shi da yashi zalla, domin yashi yana taruwa a ƙasa ya yi tauri ya lalata wuyan hannu. Tsummokara ake cusawa, waɗanda kowane tela a zango zai tara maka.

Iyaye mata sukan tambaye ni ko kayan 'ya'yansu mata daban ne. Bandeji da robar baki duk ɗaya ne, safa ce kawai za a nemi mai matsattsen ciki, domin hannu ƙarami yana yawo a cikin babbar safa.

In ka sayi safar, kada ka bar ta ta kwana a jaka. Kana dawowa ka buɗe bakinta, ka cusa tsohuwar jarida ta tsotse gumin, ka ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a rana ba, domin rana tana busar da fata ta tsage. Bandejin kuma a wanke shi bayan kowane atisaye.