Audi A8 ko Jaguar XJ: Motocin Alfarma Masu Jikin Alminiyam

Audi ce ta riga, da A8 a 1994. A Neckarsulm ta Jamus aka ƙera ƙashinta da sandunan alminiyam, aka haɗa su da walda, sannan aka lulluɓe. Ga ta da quattro, tayoyi huɗu duk suna ja.

Jaguar ta Ingila sai 2003 ta fito da tata XJ mai jikin alminiyam, amma ni tata dabarar ta fi burge ni: gam da ƙusoshi sama da 3,000 ne suka riƙe jikin, nauyinsa ya ragu da kashi 40 cikin ɗari idan aka kwatanta da na tsohuwar XJ. Abin takaici, an bar mata tsohuwar siffa, har masu saye suka ɗauka tsohon yayi ce.

Kowacce ta bugu, sai ƙwararren mai gyaran alminiyam.